Gudu a hunturu: me zan yi idan duhu da sanyi suka kashe min jiki?

Tambaya: Tun watan Afrilu nake fita gudu sau huɗu a mako, har jikina ya saba. Yanzu hunturu ya shigo inda nake, da duhu nake fita aiki, da duhu nake dawowa, ga sanyi. Mako uku ke nan takalmina yana bakin ƙofa ban saka shi ba. Yaya zan yi sha'awar ta dawo?

Amsa: Ɗan'uwa, ka daina jiran sha'awar. Idan ka ce sai ta dawo za ka ɗaura takalmi, to sai dai mu haɗu a watan Maris. Cikin mutanen da nake horarwa, waɗanda suke ratsa hunturu ba tare da sun ajiye gudu ba, ba wai sun fi sauran son abin ba ne. Su ma idan waya ta kaɗa ƙarfe shida na safe suka ga taga baƙi ƙirin, bargo ransu yake so. Abin da suka yi kawai shi ne sun tsara al'amuransu tun da wuri, yadda ba sai sun nemi shawarar ransu a bakin ƙofa ba. A wannan lokaci na shekara daɗin gudu a hanya yake tarar da mutum, galibi bayan minti 10 ko 15, idan jini ya ɗumama. Kafin nan sai dai haƙuri.

Amma bari mu fara da abin da ke faruwa a jikinka, don na ji alamar ka fara zargin kanka da lalaci.

A birnin Landan, ranar 21 ga Disamba, tsakanin fitowar rana da faɗuwarta bai kai awa 8 ba, alhali a tsakiyar Yuni ya haura awa 16. A Oslo, babban birnin Norwe, bai kai awa 6 ba. A Tromsø kuwa, can arewacin Norwe, daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙowa sam. Shi kuma jikin ɗan'adam da haske yake saita agogonsa. Hasken da ya shiga ido da safe shi ke gaya wa ƙwaƙwalwa ta tsayar da melatonin, sinadarin da take saki da dare don a yi barci. Idan safiya ta yi duhu sai saƙon ya makara, ka tashi jiki a mace, kai ya yi nauyi, yamma ta yi kana hamma tun ƙarfe biyar. Fitilar ofis ba ta maye gurbin wannan hasken. Da luks ake auna ƙarfin haske: ɗaki mai kyakkyawar fitila yana tsakanin 300 zuwa 500, amma a waje, ko gajimare ya rufe sama ruf, yakan kai 1,000 ko ya wuce, idan rana ta fito tar kuwa dubun-dubata ne. Ido ba ya nuna maka girman tazarar saboda yana daidaita kansa da inda ya samu kansa, amma agogon jiki yana jin ta sarai.

Don haka gudu ɗaya ko biyu na mako ka nemar musu wuri da rana. Ranar hutu da hantsi, wannan mai sauƙi ne. Idan wurin aikinka yana ba da hutun tsakar rana, minti 25 sun isa ka zagaya ka dawo ka goge jiki. Na san ba kowane aiki ne yake ba da wannan damar ba, amma da yawa daga masu cewa ba za a bari ba, ba su taɓa tambaya ba ne. Ranar da ba ta gudu ba ma, ka fita ka taka ƙafa minti 15 ko 20 lokacin da gari ya fi haske. Idan barcin dare ya gyaru, tashin safe zai rage wuya.

Ga kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba. Ranar da ta fi gajarta ba ita ce ranar da rana ta fi saurin faɗuwa ba. A Landan faɗuwar rana mafi wuri tana zuwa ne wajen 12 ga Disamba, daga nan yamma ta fara ƙaruwa kaɗan-kaɗan, alhali safiya tana ci gaba da makara har ƙarshen wata. Ke nan mai gudun yamma ya riga mai gudun asuba samun sauƙi. Idan kana da zaɓi a Janairu da Fabrairu, ka karkata yamma.

Abin da ya fi kayar da mutane, a ganina, shi ne shiga hunturu da ma'aunin lokacin zafi. Kana gudu sau huɗu a mako a Yuli, sai ka ɗauka duk makon da ka yi ƙasa da huɗu ka faɗi. Ka yi biyu, ka ji haushi, ka ce ai wannan makon ya riga ya ɓaci, mai zuwa za a gyara. Mai zuwa ya zo ka yi ɗaya. Na uku ko ɗaya babu. Tsarin da ba shi da ƙaramar lamba, da zarar an kasa cika babbar sai a watsar da shi gaba ɗaya.

Alhali jiki bai buƙatar abin da kake tsammani don ya riƙe abin da ya tara. A 1981 Robert Hickson da abokiyar aikinsa, masu bincike a Chicago, sun horar da wasu mutane kwana 6 a mako har mako 10, sannan suka rage musu zuwa kwana 4 ko kwana 2 kacal na tsawon mako 15, ba tare da an rage ƙarfin atisayen ba. Ƙarfin jikinsu na ɗaukar iskar oksijin da sarrafa ta, wanda shi ne babban ma'aunin juriya, bai sauka ba. Da suka sake gwajin daga baya aka bar yawan kwanakin aka rage ƙarfin atisayen, sai aka ga ya sauka. Darasin da mu masu horarwa muka ɗauka daga nan shi ne, tara juriya ne ke da tsada, riƙe ta kuwa da ɗan abu ake yi, muddin a cikin ɗan abin akwai inda numfashi ya tashi. Ka ɗauki gudun hunturu kamar garwashin da aka rufe da toka: ba ya ci bal-bal, amma gobe ba sai an nemi ashana ba.

To ka rubuta lambobi biyu. Ta sama huɗu, idan mako ya yi kyau. Ta ƙasa biyu, kuma duk makon da ka cika ta, ka ci nasara, ba wani ƙorafi. A gudun nan biyu, ɗaya ka yi shi a natse da rana, ya ɗan yi tsawo. Ɗayan gajere, minti 25 zuwa 30, amma da ɗan zafi a tsakiyarsa: bayan ka ɗumama, ka ƙara sauri minti ɗaya, ka sassauta minti ɗaya, kamar sau shida ko takwas. Ta fuskar lafiya ma ka kusa cika abin da ake so, domin Hukumar Lafiya ta Duniya minti 75 zuwa 150 na motsa jiki mai ƙarfi take ba manya shawara a mako, ko 150 zuwa 300 na matsakaici. Da babu gara ba daɗi.

Su kuma makonni ukun da suka wuce, kada su hana ka barci. Masanin kimiyyar motsa jiki Edward Coyle ya auna ƙwararrun masu juriya da suka daina atisaye gaba ɗaya, a binciken da ya fitar a 1984, ya samu raguwar kusan kashi 7 cikin 100 a kwana 21 na farko. Za ka ji ta a ƙirji, amma ba a koma farko ba. Makon farko ka yi rabin abin da ka saba, ko ka ɗan ɗara, a saurin da za ka iya hira. Masu dawowa da fushin rama abin da suka rasa su ne nake gani da ciwon ƙwauri da gwiwa bayan mako biyu.

Yanzu mu zo bakin ƙofa, inda ake yin ainihin yaƙin. Dubi yadda gudun yamma yake mutuwa. Ka shigo gida ƙarfe shida, ɗumin ɗaki ya buge ka, ka cire jaket, ka ce bari in ɗan zauna minti biyar. Ka ɗauko waya. Ka leƙa taga, fitilun titi sun kunnu, yayyafi yana gangarowa a kan gilashi. A lokacin ne za ka tambayi kanka ko yau ranar gudu ce, kuma duk wanda ya yi wa kansa wannan tambayar a zaune cikin ɗumi ya san amsar da zai samu. Maganin ba ƙarin ƙarfin zuciya ba ne, hana tambayar tasowa ne. Ranar gudu kada ka zauna. Kayan su kasance a jere inda za ka fara cin karo da su, ka ajiye jaka ka tuɓe ka saka, kafin jiki ya gane an iso gida. Wanda ya fi wannan: ka canja kaya tun a wurin aiki, ka yi gudun kafin ka shiga gida, ko ma ka gudo wani ɓangare na hanyar dawowa. Mai gudun safe kuma ya jera kayansa tun da dare kusa da abin ɗumama ɗaki, ya ɗora wayar a kansu nesa da gado. Wanda ya miƙe ya kashe ƙararrawa, hannunsa yana kan riga mai ɗumi, ya riga ya yi rabin aikin.

Masanin halayyar ɗan'adam Peter Gollwitzer ya daɗe yana nazarin wannan, kuma maƙalarsa ta 1999 ta shahara a kai: mutumin da ya ƙayyade lokaci da wuri da abin da zai yi ya fi cika niyyarsa a kan wanda ya tsaya a kan "zan riƙa yi". Don haka kada ka ce zan yi gudu a makon nan. Ka ce Talata, da na ajiye jaka, zan saka kaya in zagaya hanya kaza. Ka kuma tanadi amsar matsala kafin ta zo: idan an yi ƙanƙara, zan hau injin gudu, wato na'urar da ake gudu a kanta cikin ɗaki; idan na makara a aiki, gudun ya koma safiyar Laraba.

Ranar da abin ya ƙi duk da haka, ka yi ciniki da kanka: minti 10 kawai, idan har yanzu ba na so, zan juyo. Kuma ka cika alkawarin, ka juyo idan da gaske ba ka so, in ba haka ba ranka zai gane yaudara ce, gobe ba zai yarda ba. Yawanci ba a juyowa. Ranar da ka juyo kuwa, sau da yawa jiki ne yake gaya maka mura na tafe ko barci bai ishe shi ba.

Kada ka yi tsammanin sabon tsarin zai zauna cikin mako biyu. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutane masu ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka wallafa a 2009 cewa matsakaicin lokacin da abu yake ɗauka kafin ya zama jiki kwana 66 ne, wasu 18, wasu har 254. Abin da ya fi amfani a gare ka a binciken shi ne, tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Ni ma rashin fita ɗaya ba ya damuna a wurin wanda nake horarwa, na biyu a jere ne nake sa wa ido. Wannan ne ma ya sa ba na son manhajojin da ke ƙirga maka kwanaki a jere ba fashi. Suna aiki har ranar da zazzaɓi ya kwantar da kai, lambar ta koma sifili, sai zuciya ta mutu tare da ita.

Abokin gudu ya fi duk wata manhaja. Mutum yana iya saɓa wa kansa alkawari ba kunya, amma ya bar wani tsaye a kusurwar titi cikin sanyi yana jiransa, wannan da wuya. Mutum ɗaya ya isa, sau ɗaya a mako. Idan babu, ka duba ƙungiyoyin gudu na kusa da kai, ko parkrun, gudun kilomita 5 na kyauta da ake yi duk safiyar Asabar, wanda aka fara a Landan a 2004 ya kuma bazu ƙasashe da dama. Sannan ka yi rajistar wata gasa ta watan Maris ko Afrilu. Manyan gasannin gudun fanfalaki na Boston da Landan da Faris a Afrilu aka saba yin su, kuma mai shirin mako 16 a Disamba ko farkon Janairu yake farawa, wato cunkoson da kake gani a talabijin cikin rana mai daɗi, a duhun hunturu aka yi aikinsa. Kai ba sai fanfalaki ba, kilomita 10 ta ishe ka dalilin fita. Za a kuma ba ka labarin ɗan tseren gudu mai nisa Emil Zátopek, wanda yake atisaye cikin dusar ƙanƙara da takalmin soja, ya kuma ci zinare uku a Helsinki a 1952. Labari ne mai daɗi, amma irin wannan zugar kwana biyu take yi ta huce, kada ka gina hunturunka a kanta.

Rabin ƙin fita tsoron sanyi ne, kuma yawancinsa laifin kaya ne. Ka yi shiga kamar garin ya fi yadda yake ɗumi da digiri 10, domin jiki mai gudu yana samar da zafi sosai. Idan ka ji ɗumi tun daga bakin ƙofa, kaya sun yi yawa, nan da kilomita biyu za ka jiƙe sharkaf, iska ta buga, sanyin ya fi na farko. Ɗan jin sanyi a minti biyar na farko shi ne daidai. Rigar da ke manne da fata kada ta zama ta auduga, don auduga tana shan gumi ta riƙe shi. Ka nemi ta roba irin ta 'yan wasa ko ta ulu mai laushi, sai wata a kai idan sanyin ya yi tsanani, sai jaket mara nauyi mai tare iska. Safar hannu da abin rufe kunne sun fi ƙarin riga amfani, kuma idan ka ɗumama sai ka cusa su a aljihu. Ka yi tsalle-tsalle da 'yan tsugunne-tsugunne minti biyar a cikin gida kafin ka buɗe ƙofa. Ranar iska ka fara da fuskantar ta, ka dawo tana bayanka, don kada ta tare ka lokacin da kake jiƙe da gumi. Da ka dawo kuma ka tuɓe jiƙaƙƙun kayan nan take.

Duhu kuwa, direba ba ya ganinka kamar yadda kake ganin fitilarsa, kuma masu tafiya a ƙasa sun saba ɗauka ana hango su daga nesa fiye da yadda ake hango su a zahiri. Riga mai launin rawaya ko lemo mai ɗaukar ido da rana take aiki, da dare ba ta da wani tasiri. Abin da ake so shi ne ƙyalle mai mayar da hasken fitilar mota, kuma binciken da Joanne Wood da abokan aikinta suka yi a Ostareliya ya nuna ya fi aiki idan an ɗaura shi a gaɓoɓi masu motsi, kamar idon sawu da wuyan hannu, saboda ƙwaƙwalwar direba tana saurin gane motsin mutum. Ka ƙara da tocilan na goshi don ganin ramuka. Inda babu hanyar masu ƙafa, ka bi gefen da kake fuskantar motoci. Kunne ɗaya a buɗe. Ka bi hanyar da ka sani mai fitilu, ko da zagaye ɗaya za ka yi ta maimaitawa, wani kuma ya san inda ka nufa da lokacin dawowarka. Ga mata wannan batu ya fi nauyi, kuma duk wadda ta ce ba za ta fita ita kaɗai da dare ba, lissafi ta yi, ba kasala ba ce; ita rana, ƙungiya ko injin gudu su ne mafita.

Injin gudu ba abin kunya ba ne. Yana da gundura, gaskiya, shi ya sa nake sa gudun nan gajere mai canjin sauri a kansa, sannan mutum ya keɓe wani shiri da yake so, ya ce ba zai saurare shi ba sai a kan injin. Akwai kuma ranakun da fita waje ganganci ne. Idan ruwa ya daskare a kan kwalta ya zama santsin da ido ba ya gani, faɗuwa ɗaya tana iya cinye maka wata biyu. Idan sanyi haɗe da iska ya kai digiri 27 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe tana iya daskarewa cikin rabin awa. Busasshiyar iska mai sanyi tana matse hanyoyin numfashi, musamman ga mai asma. Mayafi a kan baki da hanci yana taimakawa, amma mai tari ko shaƙewa duk bayan gudu ya ga likita. Haka mai ciwon zuciya ko hawan jini, don sanyi yana takura jijiyoyin jini ya ƙara wa zuciya aiki.

Saura tambaya ɗaya da zan maido maka: gudu kaɗai ne ya fita daga ranka, ko har da sauran abubuwa? Idan gudun ne kawai, abin da na faɗa a sama ya isa. Amma idan kana barci fiye da ƙima kuma ba ya isarka, kana yawan kwaɗayin kayan zaƙi, kana gudun mutane, rai a ƙuntace kusan kullum har ya haura mako biyu, kuma bara ma haka ta faru a daidai wannan lokaci, to wataƙila ciwon damuwa ne mai bin yanayin shekara. Norman Rosenthal da abokan aikinsa a Amurka ne suka fara bayyana shi a 1984, ya fi kama mata, ya kuma fi yawa a wuraren da ranar hunturu ta fi gajarta. Ana maganinsa, ciki har da zama gaban wata fitila ta musamman mai luks 10,000 na minti 20 zuwa 30 da safe, sai dai mai ciwon ido ko mai larurar da hankali ke hawa da sauka tsakanin zumuɗi da ƙunci kada ya fara ba tare da likita ba. Idan ka je, ka nemi a duba jininka, domin ƙarancin jini da matsalar maƙoƙo suna kawo irin wannan mutuwar jiki. Ka kuma tambayi batun bitamin D: a Birtaniya hukumomin lafiya suna ba da shawarar maikirogiram 10 kullum a kaka da hunturu, masu duhun fata kuma an ce su duba shan sa duk shekara, saboda fatarsu ta fi buƙatar rana kafin ta samar da shi.